Ciwon Da Ba Shi Da 'Yan Dubiya

Duk wanda ya yi wa harshen Hausa kallon tsanaki zai tarar cewa magabatanmu a gwiwa suka ajiye jaruntakar mutum. Idan mutum ya tunkari wani al'amari ba tare da shakka ba, sai a ce yana da ƙarfin gwiwa. Idan ya ji labarin da ya karya masa zuciya, sai a ce gwiwarsa ta yi sanyi. Wanda ya hana ka abin da ka yi niyya da baƙar magana, ya sage maka gwiwa ke nan, wanda kuwa ya tsaya maka har ka kai gaci, shi ne ya ƙarfafa maka gwiwa. Waɗannan kalamai kowa yana furta su a matsayin adon magana, amma mu kam sun zame mana wani abu daban tun ranar da gwiwar ɗaya daga cikinmu ta sami matsala ta haƙiƙa. Manufarmu a wannan ɗan rubutu ita ce mu ba mai karatu labarin wannan gwiwa, mu kwatanta ta da gwiwoyin wasu manyan 'yan wasa da duniya ta sani, domin mu ga abin da ke saura wa matashi idan ƙafar da ya ɗora burinsa a kanta ta ƙi ɗaukarsa.

Mu da muke wannan bayani 'yan Jere ne, ta Ƙaramar Hukumar Kagarko a kudancin Jihar Kaduna. Garinmu yana kusa da babbar hanyar da ta haɗa Kaduna da Abuja, kuma daga wajenmu ne hanya ta ɓalle ta bi ta Kagarko da Kwoi har ta dangana da Kafanchan. Da aka buɗe layin dogon Abuja zuwa Kaduna a 2016, mu ma an yi mana tasha. Hausawa da Fulani da Gbagyi da Koro duk muna zaune tare, muna noman doya da masara da citta, kowa da harshen gidansu da wurin ibadarsa, amma idan la'asar ta yi sanyi fili ɗaya muke nufa. Filin nan na makarantar firamare ne, rabinsa ciyawa rabinsa tsakuwa, turakun ragarsa kuwa na gora ne da muke sarowa da hannunmu. A nan muka taso mu goma sha wani abu, sa'o'in juna, muka yi karo-karo muka sayi riguna iri ɗaya, muka zama ƙungiya.

A cikinmu akwai wanda Allah Ya fifita. Ba za mu ambaci sunansa ba, domin yana nan da ransa, kuma mutum ne mai kunya. Ɗan gaba ne mai buga ƙafar hagu, siriri, mara yawan magana, amma idan ƙwallo ta shiga ƙafarsa sai ka ga masu tallan gyaɗa sun sauke farantansu sun tsaya kallo. Yakan yanke mutum uku a wurin da bai fi shimfiɗar tabarma ba. Dattawan da ke zama a bakin fili, waɗanda suka ga Ranchers Bees ta Kaduna a lokacin da take tashe, sukan ce yaron nan zai kai inda na gabansa suka kai. Maganar tasu kuwa tana da madogara, domin Kaduna ce ta haifi Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro, waɗanda duk suna cikin tawagar da ta ciwo wa Nijeriya lambar zinariya a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996. Idan yaran unguwannin Kaduna sun yi, me zai hana ɗan Jere? Da wannan lissafi shi da mu muke kwana muke tashi, yana ɗan shekara goma sha takwas.

Abin ya faru ne da rani, a wani wasan sada zumunta da muka je yi a Kafanchan. Mun yi sammako a bas ɗin haya, muna ta raha, musamman da yake an yi mana albishir cewa wani mai nema wa ƙungiyoyi 'yan wasa zai zo kallo. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci aka bugo kwana, abokinmu ya yi tsalle ya sa kai, ya dira a kan ƙafar hagu, jikinsa ya juya alhali tafin ƙafar yana kafe a ƙasa. Mu da ke kusa mun ji wata 'yar ƙara, kamar an karya ɗanyen kara. Babu wanda ya taɓa shi, saboda haka alƙalin wasa bai busa usur ba, 'yan kallo ma suka ɗauka wayo ne irin na 'yan gaba masu neman fanareti. Muka kama shi muka fitar da shi waje, aka zuba masa ruwan sanyi, aka ci gaba da wasa. Kafin motarmu ta iso Kwoi a hanyar dawowa, gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙaramar ƙwarya, har sai da aka farke ƙafar wandonsa.

Washegari mahaifinsa ya kai shi wurin wani tsohon maɗori wanda ya gaji sana'ar iyaye da kakanni. Tsohon ya shafa man kaɗanya, ya bi ƙashin da yatsunsa tun daga cinya har zuwa idon sawu, sa'an nan ya girgiza kai ya ce, “Ɗana, ƙashinka ƙalau yake. Ni ƙashi na gada. Wannan ko dai targaɗe ne, ko kuwa wani abu da ya fi targaɗe. Zan gasa maka, in ta ƙi, ku nemi na gaba da ni.” Har gobe muna ganin girman dattijon nan, domin ya san iyakar saninsa, kuma bai ɓoye ba. Daga nan aka je asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, hoton ya fito tas, babu karaya babu tsagewa. Aka ba shi ƙwayoyin rage zafi da bandeji, aka ce ya huta. Kowa ya yi hamdala, aka ce abin ya zo da sauƙi.

A nan ya kamata mu tsaya mu yi magana a kan dubiya, domin ita ce cibiyar wannan labari. Al'ummarmu ba ta da rowa wajen dubiya. Idan mutum ya karye, aka sa masa karan ɗori aka kwantar da shi a zaure, to zauren nan ba zai rabu da baƙi ba har a kwance ɗorin. Wannan ta kawo kunu, wancan ya kawo kaza, mai lemo ya kawo, mara komai ya kawo addu'a da hira. Dalili kuwa shi ne karaya tana da shaida, ido yana ganin karan, yana ganin mutum kwance. Abokinmu ma ya sami rabonsa na dubiya a mako biyun farko. To amma a mako na uku kumburi ya saɓe, ya taka da ƙafarsa ya je masallaci, a na huɗu ɗingishin ma ya ɓace. Sai gari ya yanke hukunci cewa ya warke, aka daina ce masa sannu, aka koma tambayarsa yaushe zai dawo fili. Ciwon nasa kuwa a lokacin ne ma ya fara.

Domin mai karatu ya fahimci abin da ya faru, sai mun leƙa cikin gwiwar kanta. Gwiwa mahaɗa ce tsakanin ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri, kuma abin da ke riƙe da su wasu jijiyoyi ne masu tauri kamar igiya, waɗanda ba na jini ba. Manyansu huɗu ne, biyu a gefe da gefe, biyu kuma a can tsakiya sun gitta juna. Ta gaba daga cikin masu gittawar nan ita ce ke hana ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa idan mutum ya tsaya cak yana cikin gudu, ko ya yi juyi, ko ya dira daga tsalle. Sau da yawa takan tsinke ba tare da wani ya taɓa ɗan wasa ba, kamar yadda ta yi wa namu. Hoton ƙashi ba ya nuna ta, sai an shiga wata babbar na'ura mai aiki da maganaɗisu, wadda ba a samunta sai a manyan birane. Bugu da ƙari, ƙashi idan ya karye jini yana kai masa abin gyara har ya haɗe, ita kuwa wannan jijiya jinin da ke isa gare ta kaɗan ne, kuma tana cikin ruwan gaɓa, saboda haka idan ta tsinke gaba ɗaya da wuya bakunan biyu su sake haɗuwa da kansu.

Muguntar wannan ciwo ita ce yaudara. Mai shi zai yi tafiya, zai yi noma, zai ma iya gudu matuƙar a miƙe yake tafiya. Amma da zarar ya ce zai yanke wani, sai gwiwar ta zame daga ƙarƙashinsa kamar an janye masa tabarma. Haka ta yi wa abokinmu sau uku a cikin wata biyar, kuma kowace faɗuwa tana ƙara cin guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan. Tun da babu rauni a fili, sai bakin mutane ya shiga neman dalili. Wasu suka ce kambun baka ne, yabo ya yi masa yawa. Wasu suka ce jifa aka yi masa a Kafanchan. Waɗanda maganarsu ta fi ciwo su ne masu cewa tsoro ne kawai ya shige shi, ya zama rago. Mun sha ganinsa yana wucewa ta gaban masu shayi, waɗanda a da suke yi masa kirari, ya yi sallama a amsa masa sama-sama. Mutumin da ya karye ana tausaya masa, shi kuwa namu sai aka mai da shi abin zargi.

Sai bayan kusan shekara guda wani matashin likita mai yi wa ƙasa hidima ya kwantar da shi, ya riƙe cinyar da hannu ɗaya, ya jawo ƙwaurin da ɗaya hannun, ƙwaurin ya taho gaba kamar aljihun tebur. Nan take ya faɗi sunan ciwon, hoton da aka je birni aka ɗauka kuma ya tabbatar. Ya yi mana bayani cewa maganin ɗan wasa aiki ne na tiyata: a yanko wani yanki na jijiya daga jikin mai ciwon kansa, a huda ƙashin cinya da na ƙwauri, a zura ta a ɗaure ta maye gurbin wadda ta tsinke. Bayan aikin kuma sai an yi wata tara zuwa shekara ana gashin ƙashi da motsa jiki a hannun gwani, kafin a yi maganar komawa fili, kuma duk da haka babu tabbacin ƙafar za ta koma yadda take. Irin wannan aiki sai manyan asibitoci, kamar Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano da takwarorinsa. Ƙungiyarmu kuwa ba ta da asusu, balle inshora. Dukiyarmu duka ita ce riguna da ƙwallaye biyu.

Da aka haɗa lissafin aiki da magani da zirga-zirga, sai aka ga kuɗin ya haura abin da gonar cittar gidansu ke bayarwa a shekara biyu. Muna zaune a zaure ranar da mahaifinsa ya yanke magana. Ya daɗe yana jan carbi, sa'an nan ya ce, “Ɗana, da ranka aka ce, wallahi gonar nan ba za ta kwana ba a sayar ba. Amma likita ya ce za ka yi tafiya, za ka yi salla, za ka nemi abincinka. Ga ƙannenka huɗu a makaranta. Ka yi mini afuwa.” Abokinmu ya sunkuyar da kai ya ce, “Na ji, Baba. Allah Ya ƙara girma.” Babu wanda ya ƙara cewa uffan. Ba mu ga laifin dattijon ba a ranar, yau ma ba mu gani ba, domin duk wanda aka ɗora wa irin wannan ma'auni ya san nauyinsa. Sai dai mun san cewa a zauren nan aka binne ɗan ƙwallo, ba tare da an yi masa zaman makoki ba.

Mai karatu zai iya cewa talauci ne ya jawo, da akwai kuɗi da an tsira. Akwai gaskiya a ciki, amma tarihin Daniel Amokachi ya nuna cewa gwiwa ba ta jin kunyar mai kuɗi. An haife shi a Kaduna a ƙarshen 1972, ya taso a Ranchers Bees, ya buga wa Nijeriya Gasar Kofin Afirka ta 1990 a Aljeriya yana ɗan shekara 17. Daga nan ya tafi Club Brugge ta Beljiyam, inda a 1992 ya ci ƙwallon farko a matakin rukuni na sabuwar Gasar Zakarun Turai. Ya ci Bulgeriya da Girka a Kofin Duniya na 1994, ya ɗauki Kofin FA da Everton ta Ingila a 1995, ya kuma ci ƙwallo a wasan ƙarshe na Olamfik da aka doke Ajantina da ci 3 da 2. Saboda ƙarfinsa ake yi masa laƙabi da bijimi. Amma a Kofin Duniya na 1998 a Faransa wasa ɗaya kacal ya buga, gwiwa ta hana shi. Da ya bar Besiktas ta Turkiyya a 1999, yana ɗan shekara 26, ƙungiyar 1860 Munich ta Jamus ta ɗauke shi, sa'an nan ta fasa bayan likitocinta sun duba ƙafar. Ya buga wasu ƙofofin, amma bai sake komawa matsayinsa ba, a shekarun da ɗan ƙwallo ke kan ganiyarsa.

Haka zalika Emmanuel Amunike, wanda ya ci ƙwallaye biyun da aka doke Zambiya da su a wasan ƙarshe na Kofin Afirka na 1994, kuma ya ci ta ukun da ta kawo zinariyar Atlanta. Bai daɗe da zuwa Barcelona ba gwiwa ta kama shi a 1997, Kofin Duniya na 1998 ya wuce shi, tauraronsa na ɗan wasa ya dusashe daga nan. To amma abin lura shi ne yadda waɗannan mutane biyu suka sake shigowa ta wata ƙofa. Amokachi yana mataimakin Stephen Keshi lokacin da Nijeriya ta ɗauki Kofin Afirka a Afirka ta Kudu a 2013. Amunike kuwa shi ya horar da 'yan ƙasa da shekara 17 da suka ciwo Kofin Duniya a 2015, waɗanda Victor Osimhen yake cikinsu, daga baya kuma ya kai Tanzaniya Gasar Kofin Afirka ta 2019, abin da rabonta da shi tun 1980. Ashe ƙwallon da ke cikin kai ba ta tsinkewa tare da jijiya.

Labarin da ya fi tsaya mana a rai kuwa daga nesa ya zo, daga wani wasa da ba a yinsa a ƙasarmu. Mutanen Ostareliya suna da ƙwallonsu ta gargajiya, wadda aka tsara dokokinta a birnin Melbon a 1859. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, filin ma haka, mutum goma sha takwas ne a kowane ɓangare, ana bugu da ƙafa ana cafewa da hannu, kuma saboda yawan tsalle da dira da juyi, tsinkewar wannan jijiya sananniyar annoba ce a cikinsu. A can aka yi wani matashi mai tsaron baya, Alex Johnson, na ƙungiyar Sydney Swans. A 2012, yana ɗan shekara 20, ƙungiyarsa ta ɗauki kofin ƙasar a gaban 'yan kallo kusan dubu ɗari. A farkon 2013, tun ba a shiga kakar wasa sosai ba, jijiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke. Aka yi masa aiki, aikin ya lalace, ƙwayoyin cuta suka shiga gaɓar, aka sake, aka kuma sakewa, har sau biyar ana dasa masa sabuwar jijiya, ban da sauran ayyukan wanke gaɓa. Duk tsawon wannan lokaci ƙungiyar tana riƙe da shi tana ɗaukar nauyin jinyarsa.

A watan Agusta na 2018, bayan kwana 2,136 da wasansa na ƙarshe, Johnson ya sake fitowa babban fili. Mako guda bayan haka, a wasansa na biyu, jijiyar ɗaya gwiwar, ta dama, wadda ba ta taɓa ciwo ba, ita ma ta tsinke. A ƙarshen wannan shekara zamansa a babbar gasar ya ƙare. Ranar da ɗaya daga cikinmu ya kawo wannan labari majalisarmu, gardama ta kaure. Wasu suka ce asarar ƙuruciya ce, kusan shekara shida domin wasa biyu. Wasu suka ce namiji ke nan. Abokinmu yana gefe bai sa baki ba, sai da aka lafa ya ce, “Ku kuna lissafin wasa biyu. Ni abin da na ji shi ne, mutumin nan ya yi kwana dubu biyu da wani abu ana ce masa sannu.” Maganar nan ta kashe gardamar. Johnson ya sami likitocin da namu bai samu ba, kuma duk da haka ƙarshen gwiwoyinsu ɗaya ne. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne, shi wancan an yarda yana ciwo, an zauna da shi har ya gama jinyar ƙafa da ta zuciya, namu kuwa tun mako na uku aka sallame shi.

Shekarar da ta biyo bayan maganar zaure ita ce mafi duhu. Abokinmu ya daina bin hanyar fili, ya daina shiga gidan kallon ƙwallo, ya karɓi babur ɗin wani yana acaɓa tsakanin gari da bakin titi. Ko tada babur ɗin da ƙafa wani lokaci sai ya cije leɓe. Ya rame, ya rage magana a kan wadda da ma ba ta da yawa. Abin da muka iya yi shi ne muka raba kwanaki, kowane dare mutum biyu su je hira wurinsa, ko ya yi magana ko bai yi ba. Abin da ya cece shi kuwa wata tsohuwar rigima ce da mahaifiyarsa. Tun yana aji biyar na sakandare ya so ya bar karatu ya tafi Kaduna neman ƙungiya, ita kuwa ta kafe. Takan ce, “Ka kawo mini takardar gama makaranta tukuna, sa'an nan ka je ka buga har Makka.” Ya yi fushi a lokacin, amma ya zauna ya rubuta jarrabawa. Wannan takarda da ke ƙarƙashin akwatin Inna ita ta buɗe masa ƙofar Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, kusa da Kafanchan, garin da ya bar gwiwarsa.

Yau malamin makaranta ne, kuma idan aka tashi shi ke horar da yara a filin da muka taso. Wanda ya san shi a da, idan ya tsaya kallo, zai ga hagun nan tana fitowa a ƙafafun yara goma sha. Yana da dokoki biyu da ba ya sassautawa. Ta farko, yaron da bai je aji da safe ba, ba zai taɓa ƙwallo da yamma ba. Ta biyu, babu wanda zai fara wasa sai an yi minti ashirin ana ɗumama jiki, bisa tsarin da hukumar FIFA ta fitar a 2006 domin rage raunuka: tsayuwa da ƙafa ɗaya, ƙarfafa cinya ta gaba da ta baya, da koyon dira daga tsalle da gwiwa a lanƙwashe, ba tare da ta karkata ciki ba. Yara suna ƙorafi, suna cewa Malam ya cika tsanani. Idan kuwa yaro ya faɗi ya riƙe gwiwa, ko da ya tashi ya ce ya warke, Malam ba zai mai da shi fili ba, shi da kansa zai raka shi gida ya yi wa iyayensa bayani. Ba mu ce wannan ya maye masa abin da ya rasa ba. Har yanzu idan ana nuna Kofin Afirka yakan tashi ya fita kafin a tashi wasa, kuma mun san dalili.

Saboda haka muna da kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai da malamanmu, domin da yawa daga cikinmu mu ne muke shirya gasar unguwa idan an tafi hutu, wasunmu kuma su ne yayye da iyayen masu bugawa. Duk gasar da aka iya tara kuɗin kofi da na rago da na makaɗa, to ana iya ware wani abu a ajiye domin wanda zai ji ciwo, ko da kuɗin mota da na hoto ne. Duk gwiwar da ta yi ƙara ta kumbura a cikin 'yan sa'o'i, kada a sallame ta don hoton ƙashi ya fito lafiya, a nemi wanda ya san jijiya. Ƙanenmu da ke son barin aji saboda wani ya yi masa alkawarin Turai, a tuna masa cewa Amokachi da kansa yana da shekara 26 ƙafa ta ce ta gaji. 'Yan'uwanmu masu karatun likitanci da gashin ƙashi kuma, su sani akwai garuruwa irin namu da ke cike da matasa masu tafiya a kan gwiwoyin da ba a taɓa dubawa ba.

Daga ƙarshe, muna roƙon a tsawaita dubiya. Mutumin da ya tashi daga tabarma ya taka ƙasa, ba lalle ne ya warke ba, musamman idan abin da ya tsinke masa ya haɗa da burin da ya rayu a kansa tun yana yaro. Ba kowa ke da kuɗin dasa jijiya ba, amma sannu ba a sayenta, kuma mun gani da idonmu cewa ita ce ta riƙe ɗan'uwanmu har ya sami wata ƙafar tsayuwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na kwance da na tsaye, Ya kuma kare ƙannenmu da ke fili. Amin.